Kwalin Littattafan Besbol

Shekarun baya, lokacin da nake gadi a wani rukunin gidaje a unguwar Ain Khaled, a ƙasar Qatar, na yi wani abu da har yau idan ya faɗo mini a rai sai na tashi daga inda nake zaune. Na sha fara rubuta muku shi a nan, sai in goge. Yau dai ga shi, kuma ba zan gyara kaina a ciki ba.

Gidajen baƙi ne, yawanci malaman makaranta da injiniyoyi, katanga ɗaya ta kewaye su, ƙofa biyu, ta gaba da ta baya. Mu masu gadi muna da wata al'ada da ba ta cikin takardar kamfani. Idan mai gida zai bar ƙasar, duk abin da ya ajiye a gefen bola namu ne. Rabo muke ce masa. Fanka, tukunyar shinkafa, darduma, kujerar roba, wanda yake zagaye ya fara gani shi ke da shi. Amma abin da aka ajiye a bakin gareji na masu kwasar kaya ne, ba a taɓa shi. Kuma kwalin da aka liƙe bakinsa da salatif ba rabo ba ne, ko a ina yake. Kowa ya san wannan. Ni ma na sani.

A gida mai lamba goma sha huɗu akwai wani dattijo, baƙar fata ɗan Amurka, malamin makaranta ne da ya ajiye aiki zai koma ƙasarsu. Wata Asabar da la'asar ina zagaye, sai na ga kwali ɗaya a ƙofar gidansa. Bai kai bola ba, bai kuma jingina da gareji ba, yana tsakani. Bakinsa a liƙe yake, amma zafin rana ya ɗan ɗaga salatif ɗin a gefe guda. Na duba hagu, na duba dama, na taimaka wa zafin ranar da yatsa ɗaya. Daga nan na ce wa kaina ai buɗaɗɗen kwali ne.

Abin kunyar shi ne ba ma kayan ciki nake so ba. Kwalin nake so. Irin mai kauri ne, mai ruɓi biyu, wanda kamfanin kwasar kaya ke bayarwa. A lokacin ina haɗa kayan da zan aika gida ta kago, kuma wanda na aika a baya kwalin ya fashe a hanya, dabino ya isa wurin mahaifiyata yana ƙamshin garin sabulu. Tun daga ranar nake kallon kwalayen mutane kamar yadda wasu ke kallon motoci.

Na ja shi zuwa kusa da ƙofar gaba, inda abokina yake diyuti. Mutumin Kumasi ne, ɗan Zango, ya girme ni da kusan shekara goma. Shi ya koya mini aikin da na zo, shi ya nuna mini inda ake samun tuwo a garin nan. Yana ce mini ƙanena, ina ce masa Yaya.

"Yaya, don Allah kai mini wannan mota, zan je in sa hannu."

Ya ɗaga gefe ɗaya ya sauke. "Chale, ɗan'uwa, duwatsun Qatar za ka aika Najeriya? Naku sun ƙare?"

"Kai dai ɗauka."

"Rabo ne?"

"Rabo ne."

Bai ƙara tambaya ba. Ya saɓa a kafaɗa, ya fita da shi ta ƙofa, ya sa a motar ma'aikata.

Mu shida ne a ɗakinmu a unguwar Najma. Da na buɗe kwalin kowa ya leƙo, sai ga littattafai, tun daga sama har ƙasa. A bangon kowanne akwai mutum da hula da sanda, ko da wata ƙatuwar safar hannu kamar faifai. Ɗaya daga cikinmu ya ce kurket ne, irin wanda Indiyawa ke bugawa ranar Juma'a a filayen bayan Asian Town. Wani ya ce a'a, sandar kurket faffaɗa ce, wannan kuwa kamar taɓarya, besbol ake ce masa, wasan Amurkawa. Aka yi mini dariya son rai. Wai wasu na samo talabijin, ni na samo makaranta.

Na zazzage su a ƙarƙashin gado. Kafin a kwana biyu wani ya tokare ƙafar fanka da ɗaya, wani ya ɗora tukunya mai zafi a kan ɗaya. Ni kuwa na yi wanda ya fi muni. A cikinsu akwai wani tsohon littafi mai laushin takarda, ba bugawa aka yi ba, gidaje-gidaje ne kamar dara, an cika su da fensir, lambobi da ƴan zane-zane. Na ɗauka tsohon littafin lissafi ne da aka gama da shi. Na yage ganye bakwai na naɗe kwalaben turare da kofunan shayin da na saya wa mahaifiyata. Ranar Lahadi na kai kwalin wurin masu kago, ina ta yaba kaurinsa.

Ranar Litinin masu kwasar kaya suka zo gidan dattijon suka ƙirga kwalaye, babu ɗaya. Aka je ofis, aka buɗe kyamara. Kyamarar ba ta ganin ƙofar gida mai lamba goma sha huɗu. Ƙofar gaba take gani. Abin da ta nuna shi ne abokina, da kwali a kafaɗa, yana fita.

Aka kira shi. Wani da yake wurin ya ba ni labari daga baya. Sufabaiza ya ce masa ina kwalin, ya ce shi ya ɗauka amma ba nasa ba ne. Na wa ne? Ya ce mai shi yana da baki, zai zo ya faɗa da kansa. Sufabaiza ya yi faɗa, ya yi lallashi, abokina bai ƙara kalma ba. Mu goma sha biyu ne a motar ranar, kowa ya ga wanda ya sauka da kwalin, babu wanda ya yi magana. Haka muke. Sai aka ce ya ajiye kaki ya zauna a ɗaki. Dattijon zai tashi ranar Alhamis. Idan Alhamis ta yi babu kwali babu mai kwali, za a yi masa kansal, wato a soke takardarsa a mayar da shi gida. Mutumin da ke da ƴaƴa huɗu a makaranta.

Da na so in ce muku ina jin haka na ruga ofis. Ban ruga ba. Na fara lissafin kaina. Shekarata ɗaya da rabi kacal a ƙasar. Idan na faɗa, ni za a kora, kuma mutum biyu a ɗakinmu ƴan garinmu ne, sunan ɓarawo zai riga ni isa gida. Na ce bari in ga gobe, wataƙila dattijon ya haƙura. Ai littattafai ne kawai.

Tun daga lokacin zama ya gagare ni. Idan na zauna sai in miƙe, idan na miƙe in rasa inda zan je. Na canja masallaci don kada mu haɗu da abokina. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, ba ta yi ƙara ba ma gabana ya faɗi.

Ranar Talata aka sa ni a ƙofar baya, inda mota ba ta cika bi ba. Na zo da littafi ɗaya a jaka. Ina jin so nake in tabbatar wa kaina cewa tarkace ne, ba abin da za a kori mutum a kansa ba. Turancina na sakandare ne, sai ina karantawa ina duba kalmomi a waya. Tarihin wasan ne. Na ga hotunan mutane da wanduna burgujeje, na ga filayen wasa masu bencinan katako, sannan na zo wani babi a kan lokacin da ba a barin baƙar fata su buga da farare. Sai suka kafa nasu ƙungiyoyin, suna yawo gari-gari a tsohuwar bas, su buga wasa da rana, otal ya hana su ɗaki, su kwana a kujerun bas, gari ya waye su nufi wani garin. Akwai hoton wasu a jikin bas ɗin, kowa da jakarsa, suna dariya. Na daɗe ina kallon hoton. Sun yi mini kama da mu da asuba muna jiran motar kamfani.

Ina cikin haka na ji takun mutum. Dattijon ne, da sandarsa. Na tura littafin ƙarƙashin rajistar baƙi na ɗora gwiwar hannu a kai.

Ya gaishe ni, ya tambayi dogon nan mai fara'a na ƙofar gaba. Na ce yana ɗaki. Ya girgiza kai. Ya ce shi bai ce a kori kowa ba, kayansa kawai ya tambaya, amma ofis sun ce doka ce. Ya ce shi ma ya kasa zama a gidan, babu kujera babu labule, shi ya sa yake ta zagaye. Sai ya jingina da tagar ɗakin gadi ya fara magana, kamar mutumin da ya kwana biyu bai sami mai saurare ba.

Ya tambaye ni ko na san besbol. Na ce a'a, alhali gwiwar hannuna na kansa. Ya ce wasa ne da a da ba shi da agogo, ba a tashi sai an gama, ko da rana za ta faɗi. Yanzu kowa sauri yake, na'ura ke gaya wa koci wanda zai sa da wanda zai cire, har ana maganar a sa wa mai jefa ƙwallo agogo. Ya ce wasan da ya tashi da shi ya kusa ƙarewa, a littattafan nan kawai ya rage, shi ya sa duk ƙasar da ya je koyarwa yake jan su. Amma duk za a iya sake saye, in ban da ɗaya.

"Wanne?" Ban san lokacin da na tambaya ba.

Ya ce wani tsohon littafi ne, rubutun fensir. Mahaifinsa ya buga wasa a ƙananan ƙungiyoyin baƙar fata, mahaifiyarsa kuma takan zauna a benci da littafin a cinya, tana rubuta duk abin da ya faru, jifa bayan jifa. Kowane gida a shafin, abin da mutum ɗaya ya yi ne. Wanda ya iya karantawa zai ga wasan gaba ɗaya kamar yana wurin.

Sai ya yi ƴar dariya. Ya ce a wasan nan har kuskure ana rubutawa. Idan ƙwallo ta zo maka, wadda ya kamata ka kama, ka sake ta, ba a cewa ƙungiya ta yi kuskure. Ana sa alama a lambarka, kai ɗaya. Ya ce mahaifinsa yakan roƙi mahaifiyarsa a hanyar gida, ya ce rana ce ta shiga idonsa, ta goge. Ba ta taɓa gogewa ba. Takan ce idan ta ɗauke daga kansa, dole ta ɗora wa mai jifa, shi kuwa bai yi komai ba.

Wallahi bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya sa a gani, Yallaɓai." Ya yi godiya ya tafi. Ya yi mini godiya.

Ranar Laraba na roƙi wani ya riƙe mini ƙofa, na ruga wurin masu kago ko zan ceto ganyen nan bakwai. Mai shagon ko ɗago kai bai yi ba. "Khalas, an gama, kwalin ya tafi tashar jirgin ruwa tun jiya." Na fito na tsaya a titi, motoci na yi mini hon.

Bayan magariba saƙo ya shigo wayata. Abokina ne. Ya ce in same shi a shagon mai shayin karak na ƙasan gininmu. Na yi zagaye biyu a layin kafin na shiga. Yana zaune da jallabiya, ya riga ya sayi kofi biyu.

"Zauna, ƙanena. Ka rame. Ni aka dakatar, kai kake ramewa."

Na zauna a bakin kujera. Na fara zuba masa dabarar da na kwana biyu ina ƙullawa. Na ce zan zuba littattafan a buhu, da sassafe in ajiye a gefen bolar dattijon, a ce an tsinta. Kowa ya huta.

Ya kurɓi shayi. "To, littafi ya koma gida. Ni fa? Ni ne dai a kyamara. Sai a ce ɓarawon ya ji tsoro ya dawo da kaya."

"Yaya, idan na faɗa kora ta za su yi."

"Na sani."

"Mahaifiyata..."

"Ni daga bishiya na faɗo?" Bai ɗaga murya ba. "Ji nan. Ba zan faɗi sunanka ba, ko gobe ko jibi. Na riga na ce mai shi yana da baki. Idan ya zamana ba shi da shi, to ni na yi ƙarya, sai in ɗauki jakata. Na ma fara haɗa ta. Sha shayinka, yana hucewa."

Ban sha ba. Da ya zage ni da na sami abin riƙewa.

Ranar Alhamis da safe na durƙusa na tattaro littattafan. Na zare na ƙarƙashin fanka, fankar ta karkace. Na goge wanda tukunya ta yi wa zobe, zoben bai fita ba. Na zuba su a jakar Gana-mas-go, don ita kaɗai gare ni. A mota babu wanda ya yi mini magana, amma wani ya matsa ya ba jakar wuri.

Ban fara zuwa wurin dattijon ba, don na san idan ya yi mini sauƙi zan iya tsayawa a nan. Ofis na shiga. Na ajiye jakar a gaban sufabaiza na ce ni ne mai kwalin, ni na ɗauka, na san ba rabo ba ne, abokina taimako kawai ya yi mini bisa ƙaryar da na yi masa. Ya dube ni ya dubi jakar. "Yalla, ɗauko, mu je."

Dattijon na zaune a kan akwatinsa a falon da babu komai. Da ya gan ni da jakar, ya gane ni. Na ga lokacin da ya tuna hirarmu ta ranar Talata, kuma wannan kallon ya fi mini mari zafi. Ya fiddo littattafan ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga na fensir. Ya buɗe, ya kai wurin da na yaga, ya bi guntayen da yatsa yana ƙirgawa. Na gaya masa inda ganyen suke, da abin da na naɗe da su. Ya ce, "Kofunan shayi." Ya sake cewa, "Kofunan shayi." Sai ya rufe littafin ya sa a cikin rigarsa, ba a jaka ba.

Ya ce wa sufabaiza kada a kira ƴan sanda, kuma ba zai tafi filin jirgi ba sai an kira dogon nan a gabansa an ce ya dawo aiki. Aka kira shi a waya, ina tsaye ina ji. Ni kuwa dattijon bai ce ya yafe mini ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ban ga laifinsa ba.

Ba a kore ni ba, kuma ba don na cancanta ba. An ba ni takardar gargaɗi, aka tura ni gadin wani wurin gini can bayan Industrial Area, inda babu inuwa sai ta kwantena. Na yi shekara biyu a can. Da kayan suka isa gida bayan watanni, na sa matata ta nemo takardun. Huɗu ta samu, uku an riga an hura wuta da su. Ta goge su da dutsen guga, wani ya zo mini da su, na aika ta adireshin da dattijon ya bari a ofis. Ban sami amsa ba, ban kuma san ko sun isa ba.

Abokina ya koma ƙofarsa ranar Asabar. Na ɗauki sati biyu kafin na iya zuwa ɗakinsa. Na tarar yana guga. Na fara ba da haƙuri a kan kwalin, ya ɗaga hannu.

"Bar maganar kwali. Kwali kowa na iya ɗauka, ni ma na taɓa ganin abin da ya fi ƙarfin idona. Asabar ɗin da ka ɗauka ba ta dame ni ba." Ya juya rigar. "Litinin, Talata, Laraba. Ina kwance a nan ina jin tafiyarka a matakala. Na san takunka. Idan ka zo daidai ƙofata sai ka rage sauri, in ce yau zai ƙwanƙwasa. Sai in ji ka wuce."

Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don bai taɓa tayar da maganar ba har ya gama kwangilarsa ya koma Kumasi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, kuma ba na son in mai da shi wa'azi. Na daɗe ina ɗaukar kaina mutumin kirki da ya yi kuskure ɗaya wata Asabar. Ba haka ba ne. Ɗaukar kwalin minti biyar ce. Barin wani ya riƙe mini laifina kuwa sai da na sake yanke shawararsa kowace safiya, da hankalina, bayan na yi sallah. Har yau ban taɓa kallon besbol ba, ban san yadda ake cin wasan ba. Abin da na sani a kansa shi ne abin da wata mata da ban taɓa gani ba ta gaya wa mijinta a hanyar gida.

Muna gaisawa da abokina duk sallah. Har yanzu ƙanena yake ce mini, yana tsokanata da shinkafar Najeriya, muna dariya. Amma duk lokacin da wayar ta yi shiru na ɗan lokaci, kafin ɗayanmu ya sami abin faɗa, sai in ji kamar ina kan matakalar nan, daidai ƙofarsa, shi kuma yana ciki yana saurare.